Kilinik ɗin da ya gane matsalar ƙanwata da karoti

Jama'a in kuna da mai fama da ƙaiƙayin baki bayan cin ɗanyen karoti, akwai wani ƙaramin kilinik nan wajen Zango, wallahi likitar ta san aikinta. Ƙanwata ce duk lokacin sanyi in karotin lambu ya cika Kasuwar Dole, da ta gutsira sai leɓe ya kumbura maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi, amma in a miya ne lafiya lau take ci. Likitar ta zauna ta yi mana bayani tiryan-tiryan, ta ce alerji ne, sinadarin da ke cikin karoti yana kama da na ƙurar furen wasu tsirrai irin dangin tazargade da itacen birch na Turai, sai jiki ya ruɗe ya ɗauka abu guda ne, shi ya sa masu atishawar fure suka fi samunsa, dafuwa kuma tana rage ƙarfinsa ga mafi yawa. Ta ce a kula da ganyen seleri da farsil ma, danginsu ɗaya da karoti. Ta rubuta cetirizine, maganin alerji, ta ja kunnenmu in numfashi ya fara sarƙewa a ruga asibiti nan take, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Layi dai akwai shi, ku je da sassafe, kuɗin ganin likita kuma da sauƙi.