Na ɗaliban jami'a ko na tikiti? Hajiya, ki amsa gayyatar nan

Hajiya, kin tambaya ko ki kai jikokinki wasan kwaikwayon ɗaliban jami'a na kyauta da aka gayyace ku, ko kuwa wasan da ake shiga da tikiti. Ki kai su na jami'ar. Kuɗin tikitin ki adana, ko ki saya musu kifi da su idan an taso. Tunda kin ce ɗan maƙwabciyarki ne ya kawo gayyatar, kuma shi ma yana cikin masu wasan, ai magana ta ƙare. Wancan na biya da kike gwada su tare ba guduwa zai yi ba, kowace shekara sai an kawo irinsa Jidda.

Na san abin da ke sa ki jan ƙafa. An raine mu a kan cewa araha ba ta ado, balle kuma abin da aka ce kyauta ne. Ni ma da wannan zuciyar na shiga karon farko, kuma don kara kawai na je. Ɗan yayata ne ke karatun injiniya a wata jami'a a nan, ya shiga kulob ɗin wasan kwaikwayo da ke ƙarƙashin ofishin harkokin ɗalibai, uwarsa tana ta faɗan ya bar littafi ya kama shiririta. Ta ce ita ba za ta je ba, ni in je in gano mata abin da ke hana shi zaman gida da dare. Na ɗauki 'yata ƙarama da yayanta muka tafi bayan magariba.

Labarin wata tsohuwar unguwa ce ta Hijaz suka yi. Umda, wato mai unguwa, na zaune a kan mirkaz, dogon bencin zaman fira, da shayinsa, mutanen unguwa na kawo ƙara, ana rigima a kan wa zai biya kuɗin gyaran famfon unguwa. Yaron namu ya fito a tsoho mai ga-ruwa, gwangwani biyu rataye a sanda bisa kafaɗa, yana tafiya a duƙe kamar wanda ya shekara arba'in yana hawan benayen mutane da ruwa. Muna layi na uku, har gumin goshinsa ina gani. Yana tsakiyar yi wa umda ƙorafi sai gemun audugar da aka manna masa ya ɓalle ta gefe guda, ya tsaya yana lilo. Ɗaki ya yi tsit. Wanda ke yin umda bai ko murmusa ba, ya ajiye kofin shayi a hankali, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ashe har tsufan naka ma na aro ne?" Hajiya, sai da aka dakata da wasan saboda dariya. Yaron ya cire gemun gaba ɗaya, ya jefa a gwangwanin ruwa, ya ci gaba da maganarsa da muryar tsoho. 'Yata ta haddace wannan layin, ta yi ta maimaita wa uwarta har muka gaji da ji.

Abin da kuɗi ba ya saya miki a wancan ke nan, sai dai in za ki biya na kujerun gaba, waɗanda ni dai aljihuna bai kai ba. Jikokinki za su ga fuskar mai wasa da idonsu, kuma wanda suka sani ne, gobe za su gan shi yana sayo burodin tamis a bakin layi. Larabcin ma na gida ne. In wasan barkwanci ne, da harshen Hijaz da yaran ke yi a makaranta da titi ake yinsa. In na tarihi ne, fusha za su ji, wato Larabcin littafi, irin wadda malamin Larabci ke fama da su a kanta. Ko wanne aka yi, yara ba su yi asara ba.

Kada kuma ki ɗauka wasan ɗalibai a ƙasar nan ta Saudiyya wani sabon abu ne na cike gurbi. Shi ne ma ya riƙe sana'ar lokacin da babu kowa. Tun farkon shekarun 1960 marubucin nan na Makka, Ahmad as-Siba'i, ya tanadi ɗakin wasa ya horar da matasa, aka dakatar da abin kafin a buɗe labule. Daga nan wasan kwaikwayo ya koma ya fake a makarantu, da jami'o'i, da rassan ƙungiyar al'adu da fasaha da aka kafa a 1973. Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad, wadda aka buɗe a 1957, a dandalinta Nasir al-Ƙasabi da Abdullahi as-Sadhan suka fara, mutanen nan biyu da suka shekara da shekaru suna ba mu dariya a talabijin bayan shan ruwa. Dukansu aikin gona suka karanta. Wannan na gaya wa yayata, ta ce ita dai a kawo mata takardar shaidar kammala karatu tukuna. Sinima sai a 2018 ta dawo bayan fiye da shekara talatin a rufe, a shekarar ne kuma aka ware Ma'aikatar Al'adu ta tsaya da ƙafarta, hukumar wasan kwaikwayo ta biyo baya a 2020. Manyan bukukuwan shekara na Riyad da Jidda a 2019 aka fara su. Kin ga na tikitin ne baƙo a garin.

Sai rawa, wadda na lura ita ce ma ta fi jan hankalinki. In dai a Jidda ko Makka ne, da wuya a tashi ba a buga mizmar ba. A daren da nake ba ki labari, bayan an gama wasan samari suka shigo da fararen riguna da rawani irin na Hijaz, suka ja sahu biyu suna fuskantar juna, makaɗa a gefe. Babu busa a ciki, ganguna ne da tafi da waƙa. Mai ba da waƙa ya jefa baiti, sahun farko ya amsa, na biyu ya karɓe, sannan mutum biyu su fito tsakiya kowa da dogon sandarsa yana juya ta a kan yatsu, suna zagaya juna, in sun gaji wasu biyu su shigo. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, shekara guda bayan arda ta Najad, wato ta takubba da tuta da ake yi a gaban sarakuna. Mutanen Hijaz da kansu suna yawan cewa akwai hannun 'yan Afirka a kiɗan nan, kuma duk wanda ya tashi a unguwannin Shara Mansur ko Hindawiyya ya san gidajen da manyan makaɗansa suka fito. Ke dai ki saurari yadda ƙaramar ganga ke ratsa babba, ki gaya mini ko kunnenki bai san hanyar ba.

Akwai wani dattijo a bayanmu, Bahaushe ne daga ganin hularsa, tun da aka fara yake buga ƙafa. Da kiɗa ya yi zafi sai ya miƙe ya nufi dandali da sandar dogarawarsa. Wani ma'aikaci ya taso zai tare shi, mai ba da waƙa ya ɗaga masa hannu ya bari. Tsohon nan ya karɓi sandar wani yaro ya ba shi tasa ya riƙe, ya juya ta bai fi minti biyu ba, amma yaran da ke sahu duk sun daina kallon jama'a, shi suke kallo. Da ya sauko, ɗaya daga cikinsu ya sumbaci kansa. A wurin da aka sayar da tikiti, masu tsaro ba za su bar shi ya wuce layin farko ba.

In ranar ta zo daidai da bikin ƙasa na 23 ga Satumba ko ranar kafuwa ta 22 ga Fabrairu, za ki ga fiye da haka, domin ɗalibai daga kowane yanki kowa na son nuna tasa: 'yan kudu da rawar khuɗwa, 'yan Ɗa'ifa da rawar majrur, 'yan Yanbu da molon simsimiyya. Jami'o'in da ke da ɗaliban ƙasashen waje kuma sukan ware ranar al'adun ƙasashe, nan ne za ki iya cin karo da yaran Najeriya da Nijar da Ghana cikin babbar riga.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Makirfo yakan ɗauke ana tsakiyar magana. Kafin a fara sai wani babba ya yi jawabi, na ƙasa da shi ya gode masa, a raba lambobin yabo, yara na ta mutsu-mutsu a kujera. Wani wasan kuma wa'azi ne tsagwaronsa a kan ƙwaya ko tuƙin ganganci, tun daga fitowar farko kin san yaron nan zai mutu a ƙarshe uwarsa ta yi kuka. Idan kika dace da irin wannan, ki yi haƙuri ki jira rawar.

Na tikiti kuwa, na taɓa biya wa mutum huɗu, ɗaruruwan riyal suka tafi, muka zauna can ƙurya muna kallon allon talabijin domin mutanen da ke dandalin sun yi mana nisa. Barkwancin da Larabcin Masar ne mai gudu, rabinsa habaici ne da yara ba su gane ba, wanda suka gane kuma na so da ba su gane ba. Fitilu da sauti dai babu laifi, kujerun ma masu laushi ne. Aka tashi wajen ɗayan dare, ƙaramar tana barci a kafaɗata, muka shafe lokaci muna neman mota. Idan akwai wani tauraro da kike mutuwar son gani ido da ido, ki je ke da ƙawayenki wata rana, ba da jikoki ba. Wasu wasannin ma an rubuta shekarun da ba a shiga da yaro ƙasa da su, kuma a bakin ƙofa ba a jin roƙo.

Kafin ranar, ki sa ɗan maƙwabciyar taki ya bincika miki abu guda da kyau: an buɗe wa iyalai ne, ko na ɗalibai da malamai ne kawai? Ba kowane taron jami'a ne jama'ar gari ke shiga ba, kuma har yanzu akwai wanda ake yi a ɓangaren maza zalla ko na mata zalla. Idan na ɓangaren mata ne, ki tambayi shekarun da ake barin yaro namiji ya shiga, ki kuma tambayi maganar ɗaukar hoto, don wani wurin ba a yarda ko kaɗan. Yawanci akwai rajista ta intanet da ake yi, a turo wa mutum lambar shiga a waya. Ki riƙe igamarki, wato katin izinin zama, da ta yaran. Ki tambayi lambar ƙofa tun daga gida, domin harabar jami'a gari ce guda; mai tasi ya sauke ki a ƙofar da ba ita ba, kin shiga uku da tafiyar ƙasa.

Yanzu ga wadda ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa. Akwai 'yan damfara da suka gano mutanenmu ba su cika son wahalar rajista ba. Sai mutum ya yi rajistar kyauta da sunaye da yawa, ya dawo yana tallar "katin gayyata na musamman" a WhatsApp da Snapchat, riyal kaza kowane kai. Abin da jami'a ta ce kyauta ne, duk wanda ya nemi ko riyal ɗaya a kansa ɓarawo ne, ko da kuwa da Hausa ya yi miki sallama, ya ce shi ɗan unguwarku ne. A na biya abin ya fi muni. Hoton tikiti ɗaya za a sayar wa mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ya shiga, sauran na'ura ta ƙi su, mai sayarwa kuma wayarsa a kashe. Na ga wata baiwar Allah da yara uku cikin kwalliya tana ta nuna wa mai tsaron ƙofa wayarta, shi kuma yana ba ta haƙuri, babu abin da zai iya yi mata. Wasu kuma mahaɗi suke turowa mai kama da shafin sayar da tikiti na gaskiya, su nemi lambar katin banki na mada da lambar sirrin da banki ke turowa, ko su ce ki amince da buƙata a Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, don a tabbatar da kujerarki. Wasan kwaikwayo ba ya buƙatar wannan daga hannun wani baƙo a waya. Duk ranar da za ki sayi tikiti, ki saya daga manhajar da masu shirya taron suka ambata a sanarwarsu, ki sa babban jikanki ya duba adireshin shafin harafi bayan harafi kafin ki sa kati.

Saboda haka ki ce wa yaron ya yi muku rajistar da kansa a gabanki, ya kuma nuna miki sanarwar a shafin jami'ar. Ku isa da wuri, kujerun ba su da lamba, wanda ya riga zuwa shi ke zaman gaba. Ki ciyar da yaran kafin ku fita don ba lallai a sami abin saye a ciki ba, ki kuma ɗauko musu rigunan sanyi, na'urar sanyaya ɗakunan nan ba ta da tausayi. Uwar yaron ma ki ja ta ku tafi tare, in tana cikin masu cewa shiririta ce.