Wane allo za ka saya don haɗa sautin modem da kanka?

Wanda ya taɓa kasa kunne kusa da rediyon masu aika saƙon APRS, wato tsarin aika gajerun bayanai kamar inda mutum yake ta rediyo, ya san wannan ƴar ƙarar "birrip" da ke wucewa kamar ƙiftawar ido. Sautuka biyu ne kawai ke musanya a cikinta, 1200 Hz da 2200 Hz, bit 1200 a daƙiƙa. Tsarin Bell 202 ke nan, kuma har gobe ana aiki da shi a faket rediyo, wato aika bayanan kwamfuta ta rediyo, da na'urorin awo na masana'antu masu tsarin HART. Yayansa Bell 103 na shekarar 1962 ya fi shi nawa, bit 300 ne a daƙiƙa. A da sai ka sayi cif na musamman irin TCM3105 ko MX614 ya yi maka aikin. Yanzu TCM3105 an daɗe da daina yin sa, kuma ƙaramin maikurokontirola, wato ƴar kwamfuta a cif guda da ke kan allo, ya isa, in dai an rubuta masa manhajar da ta dace.

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne duba gudu. Aika bit 1200 ba ya gajiyar da ko allo mafi araha. Tambayoyi biyu ne abin yi wa kowane allo: ta ina sautin zai fito, kuma agogonsa yana riƙe lokaci?

Dalili kuwa, manhajar tana ajiye jadawalin lallausar igiyar sauti, tana ɗebo lamba ɗaya bayan ɗaya, misali sau 9600 a daƙiƙa, wato takwas ga kowane bit. In za a koma 2200 Hz sai a faɗaɗa takun da ake yi cikin jadawalin, ba tare da komawa farko ba. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin miyar. A 1200 Hz bit ɗaya zagaye guda ne cif, amma a 2200 Hz zagaye ɗaya ne da biyar bisa shida, don haka igiyar takan ƙare a tsakiyar hanya. In ta yi tsalle a nan, mai karɓa zai ji ƙas, saƙo ya lalace.

Arduino Uno ko Nano, masu ATmega328P a 16 MHz, su suka fi sauƙin samu. Ba su da DAC, wato sashen da ke mayar da lamba sauti. Dabara biyu ake yi. Ko dai PWM, wato kunnawa da kashe ƙafar allo da sauri, mai gudun 62.5 kHz, sai a tace da rezisto da kondensa, ko kuma a jera rezisto huɗu a ƙafafu huɗu, a samu matakai 16. Na fi son ta biyun. Da idonka za ka ga matakalar a kan osiloskop, na'urar da ke nuna siffar igiyar lantarki, kamar benen da magini ya yi cikin gaggawa, amma da ka ɗora ƙaramin kondensa sai ta kwanta ta yi sumul. Matsalar allon ita ce ma'adanar aiki, kilobait 2 kacal. In ka haɗa GPS da ɗan allon rubutu, wuri zai ƙure maka. Sannan kada ka yarda wani ya ce ka cire kiristal, ɗan abin da ke riƙe wa allon lokaci, ka dogara da agogon cikin cif ɗin mai 8 MHz. Yana iya kaucewa da kashi da dama cikin ɗari, zafi ma yana motsa shi.

ESP32 na asali yana da DAC biyu masu bit 8, a ƙafafun GPIO25 da GPIO26, ga Wi-Fi da Bluetooth. Amma a nan ake yi wa mutane kitso da ƙwarƙwata. ESP32-S3 da ESP32-C3 suna ɗauke da sunan gidan, sai dai babu DAC a cikinsu sam. Karanta rubutun da ke kan murfin ƙarfen kafin ka miƙa kuɗi, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a leda. Kuma in Wi-Fi na kunne yana iya katse wa manhajar hanzari, sauti ya riƙa rawa, shi ya sa gwanaye ke tura lambobin ta I2S da DMA, sassan cif da ke fitar da su da kansu ba tare da jiran manhajar ba. Ƙafafun ADC2 ma, masu karanta sautin da ya shigo, ba su amfanuwa muddin Wi-Fi na aiki.

Haka shuɗin allon nan Blue Pill mai STM32F103C8, shi ma babu DAC, duk da cewa manyan ƴan uwansa irin STM32F407 suna da mai bit 12. Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 ba shi da DAC shi ma, amma PWM ɗinsa mai kyau ne, ga ma'adana kilobait 264, ba ka da fargabar cikewa.

To wanne? In aikawa kawai za ka yi, kamar na'urar da ke sanar da inda mota take ko yanayin zafi, Nano da rezisto huɗu sun wadatar, ka bar canjin a aljihu. In kana son karɓa ma, lissafi ya ƙaru, domin rarrabe sautuka biyu cikin hayaniyar rediyo ya fi haɗa su wuya nesa ba kusa ba. Nano na iyawa da ƙyar, Pico ya fi sakewa. In kuma saƙon zai hau intanet, ESP32 na asali.

Ka ware ɗan kuɗi don rezisto mai murɗawa. Ƙafar allo na fitar da bolt 3.3 ko 5, ramin makirufon rediyo kuwa ƴan milibolt yake so, in ka cika masa sai sautin ya dagule. Kafin ka taɓa rediyo, haɗa sautin da kwamfuta ka buɗe manhajar Dire Wolf mai fassara irin wannan sautin, ka ga ko ta karanta. Watsawa a mitar ƴan rediyon sha'awa kuma sai da lasisi daga hukumar ƙasarka.