RMAN a ranar da fayilolin sarrafawa suka salwanta

Duk mai kula da rumbun bayanai na Oracle ya san fayil ɗin sarrafawa (control file) bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma in babu shi rumbun ba ya buɗuwa. A cikinsa sunan rumbun yake, da lambar shaidarsa ta DBID, da inda kowane fayil ɗin bayanai da na redo (inda ake rubuta duk canjin da aka yi wa bayanai) ke zaune, da lambar SCN, mai ƙirga canje-canje, ta inda aka tsaya. Na daɗe ina ajiyar ko-ta-kwana da RMAN, manhajar Oracle ta ajiya da dawo da bayanai, amma ban ga ainihin aikinsa ba sai da faifai ya lalace a wata sabar da aka damƙa mini. Wanda ya kafa ta ya yi wa fayil ɗin kwafi biyu, sai dai duka a faifai guda ya zuba su.

Da ɗaya ya tsira, da ba a kai ga RMAN ba: a kashe rumbun, a kwafi mai lafiyar zuwa gurbin ɗan'uwansa, shi ke nan. Ni kuwa da na tayar da rumbun, a matakin farko na NOMOUNT ya cije, ya jefo mini kuskuren ORA-00205, wato bai samu fayil ɗin sarrafawa ba.

Abin da ya cece ni shi ne CONTROLFILE AUTOBACKUP yana kunne, wato duk lokacin da aka yi ajiya RMAN na ware wa fayil ɗin sarrafawa kwafinsa daban. Sai dai akwai ƙulli a nan. In ba ka da kundin ajiya na waje, bayanan ajiyar kansu a cikin fayil ɗin da ya ɓace suke, don haka RMAN bai san wane rumbu yake nema ba sai ka ba shi DBID. Ni a sunan fayil ɗin ajiyar na tsince ta: yana farawa da c, sai lambar, sai kwanan wata. Na sa SET DBID, na nuna masa inda ajiyar take, na bi da RESTORE CONTROLFILE FROM AUTOBACKUP. Kafin in gyara zama fayil ɗin ya dawo duk wuraren da saitin CONTROL_FILES ya ambata. A lura, kwana 7 kawai yake komawa baya wajen nema. In ajiyar ta girme haka, kuskuren RMAN-06172 za ka gani, wato bai samu ajiyar ba, sai ka ƙara masa kwanakin nema da MAXDAYS.

Inda ya fi burge ni shi ne RECOVER DATABASE. Fayil ɗin da aka dawo da shi tsoho ne, bai san abin da ya wakana bayan ajiyar ba. Na zauna ina kallon allo, RMAN na lalubo fayilolin redo da kansa, na taskance da na kan aiki, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da yake waɗannan suna wani faifan, ko layi ɗaya na bayanan mutane bai ɓace ba. Wannan ne ya fi damuna tun farko, domin aikin jama'a ne a ciki.

Buɗe rumbun dole da RESETLOGS, umarnin da ke sake fara lissafin redo, babu makawa bayan dawo da tsohon fayil. Lissafin redo ya koma 1, ni kuma nan take na ɗauki sabuwar cikakkiyar ajiya.

Akwai wata hanyar, ta CREATE CONTROLFILE, wato ƙirƙirar sabon fayil ɗin, ga wanda ya tanadi rubutun da BACKUP CONTROLFILE TO TRACE ke fitarwa. Tana aiki, amma ta fi wahala: in an ƙara fayil bayan rubutun sai ka sa shi da hannu, bayanan ajiyar RMAN kuma su tafi, sai ka sake shigar da su da CATALOG START WITH. Na fi son ta RMAN nesa ba kusa ba. Yanzu kwafi uku nake yi a faifai uku, DBID kuma tana rubuce a wajen sabar.