Hattara da mai sayar da shishar aljihu da ke kafa hujja da 'yar fitilarta

Jama'ar Kano, musamman iyaye da matasa, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe. Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, abin da zan faɗa kuma da hannuna na buɗe shi, da idona na gani.

Akwai wani da ke tallar sigarin lantarki, wanda yara ke kira shishar aljihu, a WhatsApp da Instagram. Ba shi da shago, kuɗi kake turawa mai babur ya kawo maka. Jarinsa kaf 'yar fitilar nan ce ta gindin abin, wadda ke kamawa idan an zuƙa. Yana rantsuwa a bidiyo wai daga Ingila ake kawo masa, wai idan fitilar ta kawo kore ruwan tsaftatacce ne babu nikotin, idan ta koma ja kuwa ta auna ƙirjinka ta ga ya isa haka. Yaron shagona, wanda ya daɗe yana fama ya rabu da taba, ya tura masa naira 15,000 a kan wannan magana. Kwana uku sai ga tari da zafin maƙogwaro. Ya miƙo min ita ya ce, "Oga, duba min, ƙauri take yi, amma fa har yanzu kore take kawowa."

Ina ɗora ta a tebur na ga busasshen gam a bakin murfin ƙasa. Na ɓalle. Audugar da ke riƙe ruwan ta ƙone ta yi baƙi ƙirin a tsakiya, batirin ya fara kumbura, ga tabon sabuwar dalma a wayoyinsa. Da na ɗaye takardar da ya manna mai ɗauke da 0%, sai ga ainihin rubutun kamfani a ƙasa: 5%, wato miligiram 50 na nikotin a kowace mililita. Tsohuwa ce da wani ya sha ya jefar, aka tsinto, aka yi mata caji, aka ɗura ruwan da Allah kaɗai ya san mene ne, aka liƙe.

Fitilar nan ba ta san komai game da ruwa ba. A gindin akwai wani ɗan abu mai kama da makirfon ɗin waya, bai wuce ƙwayar wake ba. Aikinsa ɗaya ne: ya ji iska ta motsa, sai ya saki wutar batir zuwa siririyar wayar da ke dumama ruwa, ya kunna fitila a lokaci guda. A gaban yaron na zare audugar gaba ɗaya, na hura iska ta ƙasa da 'yar robar da muke kore ƙura da ita. Nan take fitila ta kawo kore, alhali ko ɗigo babu a ciki. Ya yi shiru yana kallo. A masu launuka, yawanci kore na nufin caji ya cika, ja kuma batir ya kusa mutuwa. Ƙiftawa kuwa alama ce ta ƙarewar caji, ko haɗuwar waya, ko zuƙar da ta yi tsawo da yawa. Wato koren da ya yaudari yarona shaidar cajin da macucin ya yi ne kawai.

Zancen Ingila ma ƙarya ce. Akasarin waɗannan kaya a Shenzhen ta ƙasar Sin ake ƙera su, can ma ƙasar ce wani mai harhaɗa magunguna, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Dokar Ingila ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 a mililita ba, kuma tun 1 ga Yuni 2025 suka haramta sayar da na sha-ka-yar.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ruwan. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutum sama da 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu, aka danganta yawancinsa da wani irin mai da masu haɗi a bayan fage suka gauraya cikin ruwan wiwi da ake zuƙa da irin wannan sigarin lantarki. To wa ya san abin da aka ɗura wa yaranmu a nan? Ga kumburarren batir a aljihu cikin zafin Kano, mu da ke sana'ar nan mun san yadda yake kamawa da wuta.

Ba ina cewa a je a nemi mai kyau ba ne, ni dai burina kada a sha ko wace iri. Amma duk wanda ya riga ya saya, ya duba gam a murfi, da ƙarcewa a bakin zuƙa, da takarda a kan takarda. In ya gani ya daina nan take, kada ya jefa ta cikin sharar da za a ƙona, in kuma ƙirji ya riƙe ya tafi asibiti da ita a hannu. Mun kira mutumin, ya toshe lambar yaron. Jiya na sake ganin bidiyon nan, muryar dai ita ce, amma da sabon suna da sabuwar lambar asusu. Mun ajiye shaidar tura kuɗin, gobe da safe za mu kai ƙara wurin 'yan sanda.