Kwali, buhu ko Ghana-mos-go: a cikin me za a zuba kaya ranar tashi zuwa sabon gida?

Yaran a-kori-kura ba sa tambayar abin da ke cikin ƙunshi. Ɗagawa suke yi su jefa, su ɗora wani a kai, su ja igiya. Saboda haka tun kafin a yi ciniki da direba, ya kamata a san mazubin da kowane kaya zai shiga.

Kaya masu saurin fashewa irin su tangaran dai sai kwali, kuma ba kowane kwali ba. Wanda ke Kano zai samu na hannu a wajen 'yan sari a Kasuwar Singa, ko a shagon kayan masarufi na unguwa, wani lokacin ma kyauta in akwai sanayya. A duba bakinsa: in takardar nan mai lanƙwasa da ke tsakiya ninki biyu ce, to mai ƙwari ne. Mai ninki ɗaya, irin na biskit, da an ɗora masa nauyi zai lotsa. A shinshina shi kuma, don wanda aka taɓa zuba omo ko sabulu ko maganin sauro a ciki ba ya sakin wari, bai dace da kayan abinci ba. Sannan a kakkaɓe shi a waje kafin a shigo da shi. Kyankyasai na son yin ƙwai a lungun tsohon kwali, kar a kai wa sabon gida baƙi tun daren farko.

Mutane sun fi rububin manyan kwalaye, alhali ƙanana irin na taliya sun fi amfani. Babban kwali in aka cika shi da littattafai ko tangaran, mutum biyu ba sa ɗaga shi, in sun ɗaga kuma gindin ne zai ɓalle. Mai nauyi a ƙarami, marar nauyi a babba. Farantai a naɗe kowanne da tsohuwar jarida ko ɗankwali, a jera su a tsaye bisa gefensu, a cusa tsumma a duk inda ya rage fili har sai an girgiza ba a ji ƙara ba. In akwai wurin da bai kamata a yi rowa ba, to wajen salatef ne: a sayi mai faɗi, a liƙe gindin kwalin tsaye da kwance.

Ghana-mos-go ta tufafi ce da zannuwan gado da labule. Tana da hannu, ba ta da nauyi, tana ɗan kare yayyafi, bayan an gama kuma a ninke ta a ajiye. Rauninta zif. A ja shi sau biyu ko uku a gaban mai shago, a duba ko ɗinkin hannun ya zagaye har ƙasan jakar ko a sama kawai aka maƙala shi. Ni dai matsakaita biyu sun fi mini ƙatuwa ɗaya, domin ƙatuwar sai an ja ta a ƙasa, nan take yagewa.

Buhu ya fi komai araha, kuma ya ishi takalma, tukwanen ƙarfe, turmi da taɓarya, da tarkacen tsakar gida. Na shinkafa ko na sukari ake nema, a wanke a shanya. Na taki da na siminti a bar su inda suke.

Sauran kuma ba sai an saya ba. Akwatunan lefe da tsohon akwatin ƙarfe suna da wurin sa kwaɗo, su suka dace da atamfofi da leshi masu tsada. Bokitai da baho su ɗauki galan ɗin manja da man gyaɗa, bayan an sa leda a bakin galan an murɗe murfi. Kulolin abinci a zuba musu cokula da kayan yaji, kar su tafi fanko.

Lokaci ma yana sauya lissafi. A tsakiyar damina, musamman Yuli da Agusta, kwali a buɗaɗɗiyar mota kasada ce, sai an tabbatar direba na da tamfol, in ba shi da shi a sayi babbar leda. Da hunturu ƙura ce matsalar, katifa da kujeru su ke buƙatar rufi.

Talabijin in kwalinta na asali na nan, babu kamarsa. In babu, a naɗe ta da bargo a tsayar da ita, kar a kwantar. Firji ma a tsaye zai hau mota, kuma a bar shi ya huta na wasu awanni kafin a jona masa wuta. Tukunyar gas a rufe ta, a cire tiyo, a tsayar da ita nesa da janareta, shi kuma a juye masa mai. Takardun makaranta, na fili, da gwal kuwa ba sa hawa a-kori-kura, a jakar hannu suke tafiya tare da mai su.