Batirin litiyam mai 100Ah a bayan Hayis: abin da bazara biyu ta nuna

Motar Hayis ce da aka cire wa kujerun baya, aka shimfiɗa gado, aka kafa ƙaramin firij mai lita 40, fanka, ƙwayayen fitila uku da wajen cajin waya. Zirga-zirgarta tsakanin Bauchi da Gombe ce, wani lokaci kwana biyu ko uku a Yankari ko gefen Dadin Kowa, inda ba a dogara da wutar nefa. Batirin da nake sharhi a kansa shi ke ciyar da waɗannan kaya idan an kashe inji. Litiyam ne, irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 a jiki, bolt 12.8, 100Ah, wato am-awa 100, ma'aunin wutar da yake ɗauka, kuma ya yi bazara biyu a cikin motar. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ga wanda ya sayi cajarsa da wayarsa tare da shi. Wanda ya sayo batirin tsurarsa, ya miƙa wa mai wayarin ya ce "maigida, haɗa mini da na gaba", rigima ya sayo da kuɗinsa.

Dalilin sa batir na biyu shi ne na tada mota ba a ƙera shi don wannan aiki ba. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne kuma masu yawa, don ya saki am ɗaruruwa cikin daƙiƙa biyu ko uku ya juya kistata, daga nan altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar. Idan aka riƙa tatsarsa da fanka da firij duk dare, ba ya daɗewa, kuma wata safiya za a murɗa makulli a ji ƙyas kawai a tsakiyar daji. Batirin ɗaki kuwa, wato na bayan motar, kamar randa yake, kaɗan-kaɗan ake ɗiba tsawon yini da dare, sannan a sake cika shi. Tilas kuma a raba shi da na gaba idan inji na kashe, ta yadda ko ya ƙare tas, mota za ta tashi.

Kafin a yi maganar ko 100Ah ya isa, a fara da lissafin ci. Bolt 12.8 sau 100 ya ba da wat-awa 1280, wannan shi ne cikin randar. Firij irin wannan mai kwamfuresa yana jan wat 45 ko kusa da haka idan yana aiki, kuma a zafin Afrilu sai ya kwashe rabin yini da dare yana gurnani, wato awa 12, wat-awa 540. Fanka mai wat 15, awa tara, 135. Ƙwayaye uku masu wat biyar-biyar, awa huɗu, 60. Cajin wayoyi huɗu, wani 60 ɗin. Jimla ta kusa 800, wato 62Ah a rana. Da sanyin hunturu firij ya fi hutawa, lissafin ya sauko sosai, amma da bazara ake auna batir a nan ƙasar.

A nan litiyam ya raba gari da na dalma. Batirin dalma mai 100Ah, ko na ruwa ne, ko jel, ko AGM, wato rufaffen da ba a ƙara wa ruwa, rabinsa ne naka. In ka saba wuce rabi, wato mita ta nuna ƙasa da bolt 12.2 bayan ya huta, kana rage masa kwana. Ke nan wat-awa 600 kake da su, ba su kai ka yini da dare guda ba. Na litiyam kuwa ana cire 90Ah a cikinsa ba ya nuna damuwa, kwana ɗaya da rabi ke nan ba tare da an tada inji ba. Nauyinsa bai wuce kilo 12 ba, hannu ɗaya ke ɗaga shi, alhali AGM mai irin wannan lamba yana dosan kilo 30. Masu kawo shawarar a ɗauko dogon batirin ruwa na infatar gida a jefa a bayan mota, su tuna ya haura kilo 50, ruwan batir yana fantsama idan mota ta faɗa rami, kuma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji. Ba abin da za a kwana da shi a ɗaki rufaffe ba ne.

Abin da ya fi burge ni ba yawan abin da yake bayarwa ba ne, yadda yake karɓar caji ne. Na dalma yana sha da sauri har ya kai kashi 80 cikin ɗari, daga nan sai ya fara yanga, sauran kashi 20 ɗin ya ci awoyi. Tafiyar Bauchi zuwa Gombe, kilomita 150 da 'yan kai, ba ta isa ta cika shi ba. Kullum yana zaune a rabi da kwata, farin gishirin nan na sulfet ya daskare a faranta, shekara guda a ce batir ya mutu, alhali yunwa ce ta kashe shi. Litiyam yana karɓar duk abin da aka ba shi har ya kusa cika. Da caja mai am 30, tuƙin awa biyu ya mayar da 60Ah, kusan cin yini guda cur.

To amma wannan haɗamar ita ce kuma hatsarinsa, kuma a nan yawancin haɗin da ake yi a gareji ke lalacewa. Tsohuwar hanya ita ce a sa rile tsakanin baturan biyu, mai haɗa su idan ya ga bolt ya kai kamar 13.3, ya raba su idan ya sauko kamar 12.8. Da na dalma yana aiki. Da litiyam matsala biyu ce. Ta farko, shi litiyam ko yana hutawa yana zaune a 13.2 zuwa 13.3, saboda haka bayan an kashe inji rilen bai ga dalilin buɗewa ba, baturan suna nan a haɗe, na baya yana zuba wa na gaba. Ta biyu ta fi muni. Rile ba ya taƙaita am. Idan batirin ya zo a yunwace zai ja duk abin da altaneta za ta iya bayarwa, ita kuma in mota na tsaye a cunkoson Wunti inji na ɗan juyi a hankali, fankarta ba ta sanyaya ta, sai a ji ƙaurin kwayil. Wasu motocin Turai na baya-bayan nan ma altanetarsu da kanta take sauke bolt ƙasa da 13 don rage shan mai, rilen ya yi ta haɗawa yana saki. Gwajin ba wuya: ɗora mita a kan batirin gaba, a yi tuƙin minti goma. In ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4, altaneta ce irin ta da. In tana hawa da sauka, mai wayo ce.

Maganin duka shi ne cajar da ake kira DC-DC. Tana karɓar wuta daga batirin gaba, ta daidaita ta, ta ba na baya am 20 ko 30 ba ƙari. A saita ta a kan litiyam, bolt 14.2 zuwa 14.4 na cikawa, 13.5 na riƙo, a kashe duk wani tsarin da ke ɗaga bolt sama da 15 don wanke farantan dalma. A ja mata siririyar waya daga makulli don kada ta yi aiki sai inji na kunne. Tana ɗaukar zafi ƙwarai, in ta yi zafi kuma da kanta take rage am, don haka a ɗaure ta a tsaye a jikin ƙarfe inda iska ke ratsawa, ba a cusa ta ƙarƙashin katifa ba.

Sai waya, inda ake son yin tsimi, kuma araha ba ta ado. Daga batirin gaba zuwa na baya a ce mita biyar, zuwa da dawowa goma. Am 30 a cikin wayar jan ƙarfe mai kaurin 16, yadda ake kiranta a kasuwa, wato murabba'in milimita 16, asarar kusan sulusin bolt ce. A mai kaurin 6, kusan bolt guda ya tafi. A mai 2.5, irin ta soket ɗin gida da wasu ke amfani da ita, sama da bolt biyu ya salwanta, kuma wat 60 da wani abu ya koma zafi a cikin roba ƙarƙashin dardumar mota. A kuma kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago. In cikin silin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, a ajiye musu abarsu. Fis biyu ake sawa a wannan layi, mai am 50 ko 60, ɗaya kusa da jan kan batirin gaba, ɗaya kusa da na baya, kowanne bai fi taƙi guda daga kan batir ba, domin wuta na iya fitowa ta kowane ɓangare idan waya ta goge a jikin bodi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Bakin waya kuma a matse shi da takalminsa, ba a murɗa shi a kan noti a naɗe da salatif ba.

Sola ita ke riƙe motar idan an yada zango. Fanel mai wat 200 da kwantirola, na'urar daidaita cajin sola, irin MPPT, a rana mai haske, yana ba da wat-awa 750 zuwa 800 idan an cire asarar zafi da ta waya, kusan daidai da cin yini. Ƙurar hunturu tana rage shi sosai, tsumma mai laima kowace safiya ya wadatar wajen goge wadda ta kwanta a kan fanel. A haɗa kwantirola da batir tukuna, sannan fanel. Rikicin da ba shi da magani mai daɗi shi ne fanel na son rana, batir da firij da mai kwana na son inuwa. Wanda zai riƙa daɗewa a wuri guda ya fi masa ya sami fanel na naɗewa da doguwar waya, mota a gindin bishiya, fanel a fili. A Yankari dai a sa ido, biran can ba sa raina duk abin da aka bari a waje.

Zafi shi ne babban aibin da na gani. Yawancin masu ƙera irinsa suna rubuta a yi caji tsakanin digiri 0 da 45. Sanyin bai dame mu ba. Amma a Gombe watan Maris da Afrilu inuwa ma tana taɓa 40, mota a kulle cikin rana kuwa ta wuce 60. A cikin batirin akwai allon tsaro, BMS, mai lura da ɗakuna huɗu masu bolt 3.2 kowanne, kuma in zafi ya yi yawa sai ya yanke caji ba sallama. Rana na dukan fanel, kwantirola na nuna sifili, mutum ya ɗauka wani abu ya ƙone. Injin Hayis yana ƙarƙashin kujerun gaba, saboda haka kada a jingina akwatin batir da murfin inji. Ƙasan gado, can baya, a daɓe, da ramukan shan iska a akwatin da ɗamara mai ƙarfi, nan ne wurinsa. Na dalma ma ba tsira ya yi ba, shi nasa a ɓoye ne: duk ƙarin digiri takwas zuwa goma sama da 25 yana raba kwanansa biyu.

Aibi na biyu, ba ya faɗa maka ya kusa ƙarewa. Na dalma bolt ɗinsa na sauka a hankali, fitila ta fara dushewa, ka gane. Na litiyam kuwa daga kashi 90 har zuwa kashi 20 yana tsakanin 13.3 da 12.9, ƙaramar mitar nan ta soket ɗin sigari ba ta da abin faɗa. Sai kawai tsakar dare fanka ta tsaya cak, BMS ya rufe. In ya rufe haka, wasu cajojin gida ba sa ganinsa sam, sai an tashe shi da sola ko da DC-DC. Abin da ya dace shi ne mitar da ke ƙirga am ɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, wadda ake ɗaurawa a baƙin kai, kowace baƙar waya ta bi ta cikinta. Kamata ya yi a ce tana zuwa a kwali ɗaya da batirin. Kusoshin kan batirin da suka zo da shi ma gajeru ne, takalmin waya biyu suka cika su, sai da aka nemo dogaye.

Game da infata, BMS ɗinsa am 100 yake bari. Infata mai wat 1000 in ta cika kaya tana jan kusan am 90, saboda haka nan ne iyaka, da waya mai kaurin 35, gajeriya, da fis ɗinta daban. Kwamfuta, talabijin, injin aski, duk lafiya. Butar lantarki mai wat 2000 a take za ta sa ya yanke. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya za ta shanye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Infata ko ba ta ɗauke da komai tana lasar rabin am zuwa am guda, a kashe ta in ba a bukata, a sayi fanka da fitilu masu bolt 12 kai tsaye.

Mai fita sau uku a shekara, fanka da fitila kawai, AGM da rile sun ishe shi, kada ya wahalar da aljihunsa. Mai firij, mai kwana a hanya duk mako, masu motar wa'azi da lasifika, masu yawon rigakafi da ke ajiye magani a sanyi, su ne kuɗin zai dawo wa.

Kasuwa ta cika da masu lambar ƙarya, don haka a gwada kafin wa'adin mayarwa ya wuce. A ɗora shi a sikeli, in bai kai kilo 10 ba akwai magana. A cika shi taf, a haɗa masa ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan am huɗu da rabi zuwa biyar, a duba agogo. Na gaskiya zai kai awa 20 ko kusa da haka kafin ya yanke. In ya mutu a awa 12, mai 60Ah aka sayar maka a rigar mai 100. In kuma mota za ta yi watanni a ajiye, a bar shi a rabin caji, a cire baƙin kai, a shigar da shi ɗaki mai inuwa.