Faifan Venom na gwanjo: kiɗan ya biya ni, mai shagon ya cuce ni

"Kamar sabo." Haka mai shagon nan na intanet ya rubuta a ƙarƙashin hoton faifan Black Metal na Venom, ƙungiyar makaɗan metal ta Ingila, bugun kamfanin Neat na 1982. Duk mai bin faifan gwanjo a nan Ingila ya san yadda bugun farko ke cin kuɗi, ba sai na faɗa ba, aljihuna dai ya ji jiki. Kaya sun iso, kwali baƙi ƙirin da fuskar dodon nan mai ƙaho a gaba, na ɗora a garmaho na saki allura.

Waƙar farko ta buɗe da ƙarar zarto yana cin ƙarfe, ganga ta shigo a guje. Ta biyu ma lafiya lau. A ta uku aka yi ta. Ita ce mai tafiyar hawainiya, wadda ke farawa da sautin ƙasa ana zuba ta a kan akwatin gawa. Jita na shigowa sai allura ta yi tsalle ta koma baya, ta sake tsalle ta koma baya. Na ɗaga faifan a hasken taga, ga zane nan dogo ya ratsa tsakiyar gefen farko, har farce na kama shi. Wanda ya ce bai gani ba, wallahi bai duba ba. Na tura masa hoto, amsar da ya ba ni wai in goge da tsumma mai laushi. Tsumma! Yaushe tsumma ya fara cike rami?

Abin da ya fi ƙona min rai, saboda wannan waƙar na sayi faifan. A cikinta ake jin jinin ƙungiyar Black Sabbath ƙarara, wato kiɗan nan mai nauyi da jan ƙafa da ya fito daga Birmingham a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya samu sauƙin dannawa, sauti ya ƙara kauri da duhu. Samarin Newcastle ɗin nan uku na Venom, Cronos da Mantas da Abaddon, sun sha daga wannan rijiyar, ko da bakinsu na cika cewa sun fi kowa tsauri.

Amma fa da na juya gefe na biyu sai fushina ya fara sauka. Na saba jin kundin a waya da abin kunne, komai a cakuɗe. A lasifika kuwa jitar bas ta Cronos ta fito fili, tana gurnani irin na Lemmy, mai bas ɗin ƙungiyar Motörhead, sai ka gane rabin abin Motörhead ne aka ƙara wa gudu da ƙazanta. Salon jitar Mantas kuma na ƙungiyar Judas Priest ne, hannu ne dai bai kai nasu tsafta ba. Gangar Abaddon wani lokaci tana gaba, wani lokaci tana baya, kamar amalanken da ya ƙwace a gangara, kuma a nan daɗin yake. Masu cewa wannan kiɗan daga sama ya faɗo su saurari ƙarshen gefen farko, inda suka koma kiɗan rawa na gidan giya har da ihun 'yan kallon ƙwallo. Daga wannan hayaniyar ƙungiyoyin Bathory na Suwidin da Hellhammer na Suwizalan suka ɗauka, su Slayer ma a Amurka ba su ɓoye cewa sun saurara ba.

Maganar shaiɗancin da ke jikin kwalin da baitocin, ni ban ɗauke ta da nauyi ba, wasan tsoratar da iyaye ne na samarin wancan zamani. Wasu masu irin wannan kiɗan a Norway ne suka mai da wasa gaske wajen 1992 har da ƙona coci-coci. Duk da haka kwalin a kife yake a bayan kabad, ba na son baƙo ya shigo mu tsaya dogon bayani.

Har na ce zan haƙura in riƙe shi haka. Sai na tuna a tallar ya rubuta da takardar baitoci a ciki. Na zazzage kwalin, babu ita, sai farar rigar faifai mai tabon danshi a kusurwa. Na nemi ragi, ya ce sai dai in mayar, kuɗin aikawa a kaina. Ban mayar ba, gefe na biyu ya riga ya kama ni. Yanzu in waƙa ta uku ta zo, tashi nake in ɗaga allura da hannu in tsallake ramin. Taurari biyu na ba shi, su ma don ya naɗe kayan da kyau ne.